Minti Biyar a Dandalin Semyonov

Mai karatu, a ce saura minti biyar a harbe ka, me za ka yi da su?

Ranar 22 ga Disamba 1849, ana muku-mukun sanyi a birnin San Fitasbag na Rasha, aka fito da wasu fursunoni dandalin Semyonov. Laifinsu taruwa a gidan wani Petrashevsky suna karanta rubuce-rubucen da gwamnatin Sarki Nikolas na Ɗaya ta haramta. Cikinsu har da Fyodor Dostoevsky, ɗan shekara 28, wanda ya yi wata takwas a tsare. Aka karanta musu hukuncin kisa, aka sanya musu fararen riguna kamar likkafani, aka ɗaure mutum uku a turaku. Sojoji suka saita bindigogi. Dostoevsky yana sahu na biyu.

Kusan shekara ashirin bayan haka ya zuba wannan safiya a wani littafinsa. Mutumin cikin labarin ya kasa mintocinsa biyar kamar mai rabon gado: biyu na sallama da abokai, biyu na tunanin kansa, ɗaya na kallon duniya. Idonsa ya kafe kan ƙubbar wata majami'a da rana ta haska, ya kasa ɗauke shi. Yau sau nawa ka ɗaga kai ka dubi hasken rana, mai karatu?

A dandalin kuwa, sai aka buga ganga, manzo ya iso da takarda: sarki ya yi sassauci. Ashe tun farko an shirya abin ne don a razana su. Grigoriev, ɗaya daga cikin ukun da aka ɗaure, hankalinsa bai sake dawowa daidai ba. Dostoevsky kuwa a ranar ya rubuta wa yayansa Mikhail cewa rai kyauta ce, kowane minti na iya zama farin ciki marar iyaka. Daga nan sai shekara huɗu a Omsk, da mari a ƙafa.

Wannan magana tasa tamkar alkawari ce; to, ya cika shi? Ina fa! Caca ta kama shi, kullum zuciyarsa na kan abin da zai ci gobe. A 1867 a Baden-Baden har 'yan kunnen amaryarsa Anna sai da aka kai jingina. Wannan ne ya fi sosa min rai: mutumin da ya san tsadar minti guda a bakin bindiga, shi ne yake zubar da darare a teburin caca. Da kai ne, za ka fi shi riƙon alkawari?

A 1871, a Wiesbaden, ya sake tashi hannu rabbana. Ya rubuta wa Anna cewa ya daina, bai kuma komawa ba har rasuwarsa a 1881.