GARGAƊI: KADA A ƊORA YARO KAN DOKI DA LIKKAFAR MANYA

Jama'a, iyaye da masu barga, a saurara. Idan Sallah ta ƙarato, yara kan fara fita kilisa da yamma don shirin hawa, daga Kano har Katsina da Zazzau. Da yawansu ana ɗora su ne a kan sirdin iyayensu, ƙafa cikin silifa, wani ma ba takalmin. A daina, tun kafin a yi da-na-sani.

Faɗuwa daga doki ba sabon abu ba ne, duk mahayi ya sha ƙasa. Babban haɗari shi ne yaro ya faɗi ƙafarsa ta maƙale a likkafa. Dokin da ya ji abu na reto a gefensa firgita yake yi, ya zabura, ya ja yaron a kan kwalta, kansa na bugun ƙasa dab da kofato. Ga kuma ƙarar bindiga da kiɗa ranar hawa, waɗanda ke sa ko doki mai lafiya ya yi tutsu.

Likkafar babba ta yi wa yaro faɗi, sai ƙafar ta zarce har idon sawu. Wadda ta matse kuma riƙe takalmi take yi. A gwada tun a ƙasa: yaro ya sa ƙafa da takalmin da zai hau da shi, a ga saura faɗin yatsa ɗaya ta kowane gefe, wato likkafa ta fi takalmin faɗi da kamar santimita biyu da rabi. Tudun yatsu ake ɗorawa, dunduniya ta yi ƙasa. Idan igiyar likkafar ta yi tsawo, baduku ya ƙara mata huda. Wasu kan cusa ƙafar yaro cikin madaukin igiyar, saman ƙarfen, wai don ƙafarsa ba ta kai ba. Wannan tarko ne. Haka ma ɗaure yaro a jikin sirdi da rawani: in dokin ya faɗi, da shi zai faɗi.

Takalmi kuwa sau-ciki ne, mai dunduniya kamar santimita biyu wadda za ta tokare ƙarfen, ƙasansa kuma sumul. Silifa da kambas ba na hawa ba ne, haka takalmin ƙwallo mai haƙora. Kada a saya masa mai girma wai don ya kai baɗi.

Sirdi ya zama daidai mazaunin yaro, kada ya riƙa yawo a ciki. A duba majayi da hannu, a bi ɗinkinsa, domin fatar da ta sha rana da gumi takan tsinke ba sallama. Doki kan kumbura ciki lokacin ɗauri, don haka a ja shi ya ɗan taka, a sake tamkewa.

Rawani ado ne, ba ya tare kai. Wurin koyo a sa masa hular kwano ta hawa, a ba shi ƙuru ko tsohon doki mai sanyi, babba na riƙe da ragama. Ƙaimi ba na ɗan koyo ba ne.

Idan yaro ya faɗi ya bugu a ka, yana amai ko barci na ɗibarsa, a garzaya asibiti, kada a tsaya shafa man zafi. In yana kukan wuya ko baya, kada a ciccibe shi da gaggawa.

Don Allah, wanda ya karanta ya sanar da maƙwabcinsa mai doki.