Yadda Ake Zaɓen Layin Ɗinki Ga Bargon Ƙyallaye

A shagunan teloli na Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, guntayen atamfa da shadda da yadi sukan taru a ƙarƙashin keke, musamman gab da salla. Da yawa share su ake yi a zubar. Amma idan aka harhaɗa su, za a sami bargo mai kauri wanda zai amfani iyali a sanyin Disamba da Janairu, ko a sayar da shi a sami kuɗi. Ga mata masu keken ɗinki, musamman ƴan ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, wannan sana'a ce da ba ta bukatar jari mai yawa.

Mene ne bargon ƙyallaye?

Bargo ne mai hawa uku. Na sama shi ne ƙyallayen da aka haɗa. Na tsakiya shi ne abin da ke ba da ɗumi, kamar tsohon bargo marar kauri ko audugar da aka shiɓa. Na ƙasa zane ne guda ɗaya.

Akwai wani salon haɗa ƙyallaye da ake kira "ɗakin katako". Ya yi fice a Amurka tun wajajen 1860. Ana sa ƙaramin ƙyalle mai kusurwa huɗu a tsakiya, yawanci ja, a matsayin murhun gida. Sai a riƙa ɗinka dogayen ƙyallaye kewaye da shi, kamar yadda magini yake jera tubali. Gefe biyu masu haske, gefe biyu masu duhu. Matan ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama, jikokin bayi, sun shahara da irin wannan aiki daga tsofaffin tufafi. An baje kolin bargunansu a Houston da New York a 2002, kuma a 2006 hotunansu suka fito a kan tambarin gidan waya na Amurka.

Ga lissafi: idan kowane gida yana da santimita 25 a kowane gefe, gida 6 a faɗi da gida 8 a tsawo za su ba da bargo mai santimita 150 da 200. Jimla gida 48 ke nan.

Me ya sa layin ɗinki yake da muhimmanci?

Bayan an shimfiɗa hawa uku, dole a bi su da ɗinki domin su zama abu ɗaya. Idan layukan sun yi nisa da juna, audugar za ta dunƙule wuri guda tun wankin farko. Idan sun yi kusa ƙwarai, bargon zai yi tauri kamar tabarma, ɗuminsa kuma ya ragu, domin iskar da ke cikin audugar ita ce ke riƙe ɗumi. Aikin makonni yana iya lalacewa a wannan mataki na ƙarshe.

Salo uku da za ki iya zaɓa

1. Bin layin haɗi. Ki sa allura daidai inda ƙyallaye biyu suka haɗu. Zaren yana ɓuya, launukan su fito fili. Wannan ya dace da atamfa mai zane da yawa. Sai dai yana bukatar natsuwa, domin karkata kaɗan tana nunawa.

2. Layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Ki ja layi da alli da rula, ya ratsa kowane gida ta inda haske da duhu suka rabu. Sai ki ƙara wasu layuka a gefensa da tazara ɗaya. Shi ne mafi sauƙi ga mai koyo, kuma yana da ƙarfi. Ya dace da bargon yara da ake yawan wankewa.

3. Lanƙwasa mai faɗi, kamar tafiyar ruwa a rafi. Yana tausasa kamannin gidajen, tun da dukansu miƙaƙƙun layuka ne. Keken ƙafa irin Singer ko Butterfly zai iya yin sa, muddin lanƙwasar ba ta yi tsanani ba. Furanni da ƙananan da'irori kuwa suna bukatar ƙafar keke ta musamman da ƙwarewa. Kada ki fara da su.

Ki tuna cewa ƙyallayen sun riga sun yi ado. Aikin ɗinkin shi ne ya riƙe su. Saboda haka idan launuka sun yi yawa, ki zaɓi layi mai sauƙi.

Tazara tsakanin layuka

Idan auduga ce a tsakiya, kada tazarar ta wuce santimita 5, wato kimanin faɗin yatsu uku. Idan tsohon bargo ne, za ta iya kai santimita 10, domin shi ba ya dunƙulewa.

Kafin ki hau keke

• Ki wanke ƙyallayen tun kafin ki haɗa su, domin wasu suna zuba, wasu suna tsukewa.
• Ki shimfiɗa hawa ukun a kan tabarma, ki riƙe su da manyan ɗinkin hannu, waɗanda za ki warware daga baya.
• Ki sa allura mai lamba 14 ko 16, ki ɗan ƙara tsawon ɗinkin zuwa milimita 3.
• Ki gwada salon a kan gida ɗaya tukuna, ki wanke shi, ki duba.
• Ki fara daga tsakiyar bargon zuwa gefe, domin kada ya tattare a ƙasa.
• Ki naɗe ɓangaren dama domin ya shige ƙarƙashin hannun keke. Kada ki ja bargon. Ki bar haƙoran keke su tafi da shi.

Idan na sayarwa ne, ki lissafa zaren da kwanakin da kowane salo ya ci, ki rubuta su a littafinki kafin ki yanke kuɗi. Mai saye yakan juya bargo ya duba bayansa, domin a nan ne miƙewar layi da tazararsa suke bayyana.