Yadda Ake Buga Darar Turawa A Takarda, Da Abin Da Ya Rage Wa Tamu Darar

A ƙauyen Paikon Kore da ke yankin Gwagwalada cikin Birnin Tarayya, kamar sauran garuruwan ƙasan nan, malamin makarantar da ya yi niyyar koya wa yara darar Turawa, watau ces, wadda Larabawa ke kira shaɗaranji, zai tarar allo da 'ya'yan wasa ba su ne wahala ba. Wahalar ita ce littafi da Hausa. Sha'awar wasan kuwa ta ƙaru tun da Tunde Onakoya, wanda ya kafa ƙungiyar koya wa yaran unguwannin talakawa a Legas cikin 2018, ya yi awa 60 yana wasa a birnin New York cikin Afrilun 2024.

A zamanin baƙaƙen dalma, irin waɗanda aka yi aiki da su a Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya cikin 1945, hoton allo guda aikin haƙuri ne. Allon yana da gida 64, kowane gida kuwa da ɗan guntun dalmarsa. Da yake 'ya'yan wasan iri shida ne, farare da baƙaƙe, kowanne kuma yana iya zama a farin gida ko baƙi, sai mai haɗa baƙaƙe ya tanadi siffa 24, ga kuma biyu na gidajen da ba kowa. In ya yi kuskuren guntu ɗaya, to, darasin duka ya lalace.

Sauƙi ya samu ne ta hanyar rubutu. Cikin 1737 wani mutumin Halab ta ƙasar Sham mai suna Philipp Stamma ya buga littafi inda ya ba kowane gida suna da harafi da lamba, tun daga 1981 kuma hukumar wasan ta duniya wannan tsari kaɗai ta yarda da shi. Sa'an nan wani ɗan jarida na Sikotilan, David Forsyth, ya fito da dabarar rubuta zaman allo duka a layi ɗaya cikin 1883. Da Donald Knuth na Amurka ya ƙago tsarin TeX a 1978, Leslie Lamport kuma ya ɗora LaTeX a kansa, sai masu sha'awar wasan suka yi masa ƙari. Da ƙarin da ake kira skak, na Torben Hoffmann, marubuci zai rubuta tafiyar wasa kurum, kamar e4 ko Nf3, ya bi da umurnin \showboard, kwamfuta ta bi tafiyar da kanta ta zana allon yadda ya tsaya. Ba dalma, ba mai zane.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu ƙwarai. Ingilishi na rubuta N domin doki, Jamusanci S, Faransanci C. To, mu fa? Sarki da sarauniya duk da S suka fara, doki da dakare duk da D. Tsarin ya raba wannan gardama, domin yana sa ɗan ƙaramin hoton doki a gurbin harafin, kowa ya gane ko da wane harshe yake karatu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ma wani Bajamushe, Jörg Knappen, ya tanadar musu baƙaƙe a cikin TeX tun shekarun 1990.

Amma fa abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne darar gida. Wasan da aka yi a Landan cikin 1851 har yau yaro zai maimaita shi tafiya bayan tafiya, alhali gwanin darar da ya gagari kowa a gindin bishiya jiya da la'asar, da an share ƙasa shi ke nan, gwanintarsa ta bi iska. Ba don wasan ya kasa ba ne, rubuta shi ne ba mu yi ba.

Dararmu gida 30 gare ta, jeri biyar na gida shida shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. A ba jerin tsaye haruffa daga a zuwa f, na kwance lambobi daga 1 zuwa 5. Wanda ya zuba ɗa a rubuta c2, wanda ya matsa a rubuta c2-c3, in ya jera uku ya ci a ƙara alamar x da sunan gidan da aka ci. Ƙarin da Ulrike Fischer ta rubuta mai suna chessboard yana barin a rage ko a ƙara girman allo, saboda haka zana gida 30 ba zai gagara ba.

Sai dai ƙa'idojin dara sukan bambanta daga gari zuwa gari, musamman wajen zubi da abin da ake yi in 'ya'ya huɗu suka jeru. Duk wanda zai zauna kusa da 'yan dara da littafi da alƙalami, lalle ne ya fara rubuta sunan garin da ƙa'idar da aka bi a saman shafi kafin a zuba ɗan farko.