Fitilar Ƙofar Gida: Hasken da Ke Kashe Ido Ba Tsaro Ba Ne

Wanda duk ya bi ta sabbin unguwannin Kano ko Kaduna bayan sallar isha'i ya san irin fitilar. Mai faɗi ce, fara fat, an kafe ta can a saman get, fuskarta na kallon titi kai tsaye. Mai tafiya a ƙasa sai ya kare fuska da tafin hannu, mai babur sai ya runtse ido ya rage gudu. Maigida kuwa yana ciki hankalinsa kwance, tunda ya kashe kuɗi ya haskake ƙofar gidansa. To amma ka ɗan tsaya ka dubi gindin katangar da fitilar take kai, ka dubi bayan motar da aka ajiye, ka dubi lungun da ke gefe. Duhu ne dunɗum, wanda ya fi na unguwar da ba ta da fitila ko ɗaya. Mutum zai iya tsugunawa a wurin, taku biyar daga gare ka, ba ka gan shi ba.

Dalilin yana cikin halittar ido. A tsakiyar baƙin ido akwai 'yar kafa da ke buɗewa cikin duhu, ta tsuke idan haske ya yi yawa. Can ciki kuma akwai ƙwayoyin da ke aikin gani da dare, waɗanda sukan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin su gama sabawa da duhu, amma haske mai ƙarfi kan warware wannan sabon cikin daƙiƙu kaɗan. Ido yana auna komai ne da abin da ya fi haske a gabansa. Idan fitila ta dallare shi, duk abin da ke gefenta sai ya nutse. Shi ya sa maigadin da ke zaune yana fuskantar irin wannan fitila ya fi kowa makancewa a layin. Wanda ya laɓe a bayan hasken kuwa yana ganin kowa tar.

Tambayar da ta dace a fara da ita ke nan: shin haske yana rage sata ma kuwa? An yi bincike a kai, kuma amsar ba ta miƙe kamar yadda masu sayar da fitila ke faɗa ba. A shekarar 2016 an yi wani gwaji a rukunonin gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi a birnin New York na Amurka. An ware rukunoni kusan 80, aka yi ƙuri'a, rabi aka kafa musu ƙarin fitilu na wata shida, rabi aka bar su yadda suke. Manyan laifukan da ake aikatawa a waje da dare sun ragu da kimanin kashi 36 cikin ɗari a inda aka ƙara hasken. Sai dai a 2015 wasu masana a Landan sun duba bayanan ƙananan hukumomi 62 na Ingila da Wales, inda da yawa suka rage hasken titi ko suke kashe shi da tsakar dare don tsimin kuɗi, ba su kuwa ga alamar cewa laifi ya ƙaru ba. Kafin nan, a 2008, Brandon Welsh da David Farrington sun tattara bincike 13 daga Amurka da Birtaniya, suka ga gyara hasken titi ya rage laifi da kusan kashi 21 cikin ɗari. Abin da ya fi jan hankali a aikinsu shi ne, raguwar ba ta tsaya ga dare kaɗai ba, har da rana laifin ya ragu, lokacin da fitilun suke kashe.

Wannan na ƙarshen shi ne mabuɗin zancen a ganina. Fitila ba ta kama ɓarawo. Abin da take yi shi ne ta bai wa mutane damar gani, ta sa su fito su zauna, ta kuma nuna cewa wurin nan akwai masu kula da shi. Rukunonin gidajen New York cike suke da jama'a, tagogi ɗaruruwa na kallon fili ɗaya. A tsofaffin unguwanninmu ma haka abin yake tun fil azal: dattawa a kan dakali, matasa a majalisa, mai shayi da fitilarsa har sawu ya ɗauke. Baƙon fuska ba ya wucewa sai wani ya ce masa, “Malam, wa kake nema?” Ƙwai ɗaya mai matsakaicin haske a irin wannan layi ya fi fitila goma a unguwar da kowa ya ja doguwar katanga ya kulle get tun magariba. A can, idan babu mai kallo, hasken ɓarawo yake taimaka wa ya ga kwaɗon da zai ɓalle.

Saboda haka kafin mutum ya je kasuwa, ya fara tambayar kansa wa zai gani da wannan hasken, kuma daga ina. Idan maigadi ne, fitilar ta kasance a bayansa ko a samansa. Idan maigida ne ke leƙowa ta taga, hasken ya sauka a kan wanda ke tsaye a ƙofa har a gane fuskarsa. Idan kyamarar tsaro ce, kada fitila ta fuskance ta, domin hoton zai yi fari fes, mutum ya zama inuwa kawai. Ƙananan fitilu uku ko huɗu da aka rarraba, kowacce tana kallon ƙasa, sun fi babba guda ɗaya nesa ba kusa ba, don hasken wannan yana cike inuwar waccan. A ɗaga su yadda hannu ba zai kai ba, kamar mita biyu da rabi zuwa uku. Kada kuma a manta da bayan gida, wajen tankin ruwa da ɗakin janareta, inda aka fi haurowa.

Akwai fitilar da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba, wato mai kunna kanta idan ta ji motsi. Ɗan farin ƙoƙon roba da ke ƙasanta ba ido ba ne, ba ya ganin siffa. Zafin jiki yake ji. Jikin ɗan Adam yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma ƙoƙon an tsaga shi gida-gida, kowane gida na lura da yanki guda na filin. Idan abu mai ɗumi ya tsallaka daga wani yanki zuwa wani, sai fitilar ta kama. Wannan ya sa ta fi saurin jin wanda ya gitta ta gabanta fiye da wanda ya nufo ta kai tsaye, don haka a kafa ta a gefen hanyar shigowa. Tana da rauni guda da ya shafe mu sosai: a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da katanga da daɓe ke riƙe zafin rana har tsakar dare, bambancin zafin jikin mutum da na wurin yakan ragu, sai jin nata ya yi ƙasa. Kyanwa da akuya ma sukan tayar da ita. Duk da haka, hasken da ya kama farat ɗaya cikin duhu yana sanar da mutanen gida cewa wani abu ya motsa, abin da fitilar da ke ci tun magariba ba za ta taɓa yi ba.

Sai batun wuta, wanda a ƙasar nan ba a raba shi da kowace magana ta fitila. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Fitilar tsaron da ta dogara da wutar gwamnati kaɗai tana mutuwa ne a daren da aka fi bukatarta. Ga kuma tsada. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin A na masu amfani da wuta. A wannan farashi, tsohuwar fitila mai wat 500 da ta kwana tana ci awa 11 ta sha yunit biyar da rabi, sama da naira 1,200 a dare ɗaya. Ƙwan LED mai wat 20 bai kai ta haske ba, amma ya ishi ƙofar gida, kuma abin da zai sha a daren bai wuce na naira 50 ba.

Dole jama'a suka koma sola, kuma sun yi daidai. Sai dai kasuwar cike take da ƙarya a jikin kwali. Za ka ga an rubuta wat 300 ko 500 a kan fitilar da farantinta bai wuce faifan tuwo ba. Lissafin ba shi da wuya. Faranti mai wat 20, idan ya sami awa biyar na rana mai ƙarfi, abin da zai tara zai iya riƙe fitila mai wat 10 ne na awa goma, shi ma idan babu asara ko kaɗan, alhali asara ba ta rasuwa. Ga dalilin da ya sa take haske tarwai da isha'i, zuwa ƙarfe biyu na dare ta koma kamar aci-balbal, daidai lokacin da ɓarayi ke fita. Mai saye ya dubi girman faranti da nauyin batir, ya tambayi yawan lumen, domin lumen ne ma'aunin haske, wat kuwa ma'aunin wutar da ake sha ne. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen kusan 800, abin da LED mai wat 9 ko 10 ke bayarwa. A duba kuma ko an rubuta IP65: lambar farko tana nufin ƙura ba ta shiga, ta biyu tana nufin tana jure feshin ruwa. Da hunturu ƙura kan lulluɓe farantin cikin 'yan kwanaki, sai a ɗauka batir ne ya mutu, alhali tsumma mai laima kawai ake bukata.

Launin hasken ma ba ado ba ne kawai. Ana auna shi da kelbin. Mai 6500 shi ne farin nan mai ratsin shuɗi da ya cika kasuwa, mai 2700 zuwa 3000 kuwa ɗan ruwan ɗorawa ne, mai taushi a ido. Mutanenmu sun fi son farin, suna ganin ya fi ƙarfi. Amma shuɗin da ke cikinsa ya fi kashe ido, ya fi kuma danne sinadarin melatonin da jiki ke fitarwa don barci, har ta kai ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa fitilun titi kada su wuce kelbin 3000. Ƙwari ma sun fi taruwa a kan farin. Wanda ya ga yadda shinge ke rufe fitila bayan ruwan farko na damina ya san abin da nake nufi. Inda ƙwari suka taru kwaɗi za su zo, kuma maciji yana bin kwaɗo. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a matsar da fitila daga kan ƙofar ɗaki, a sa ta ɗan nesa tana hasko ƙofar.

Abin da ya fi damuna a duk wannan lamari shi ne haƙƙin maƙwabci. Gidan Bahaushe an gina shi ne a kan sutura. Zaure yana tsayar da baƙo, katanga tana kare tsakar gida, inda mata ke aikinsu ba lulluɓi, inda iyali ke shimfiɗa tabarma su kwana a waje idan zafin bazara ya hana zaman ɗaki. Sai wani ya gina bene a gefe, ya ɗora fitila a can ƙololuwa tana kallon waje, haskenta ya tsallake katanga ya sauka a tsakar gidan mutane har asuba. Yara ba su yi barcin kirki ba, matan gida sun takura, maigidan kuma yana jin nauyin zuwa ya yi magana don kada a ce yana baƙin ciki da arzikin maƙwabcinsa. Wannan cutarwa ce, ko da mai fitilar bai nufa ba. Gyaran kuwa ba ya cin komai: a sunkuyar da kan fitilar, ko mai walda ya yi mata 'yar hula ta kwano da za ta tsare hasken a cikin iyakar gidan mai ita. Ya kamata mai fitilar ne zai fara zuwa ya ce, “Alhaji, hasken nan yana shigo muku kuwa?”

Ta fuskar ƙawa, abin da ke fito da kyan gini shi ne hasken da ya zo daga gefe. Magina na Kano da Zariya sun bar mana bangaye masu zane mai tudu da kwari, da dagi, da zanko a saman soro. Idan aka dallare irin wannan bango daga gaba, zanen sai ya baje ya ɓace. Idan kuwa ƙaramar fitila mai ruwan ɗorawa ta shafo shi daga gefe, kowane layi zai fito da inuwarsa, jan ƙasar ma ya ƙara kyau. Haka yake ga bangon siminti mai ado da bishiyar darbejiya ta ƙofar gida. Ba sai an haska komai ba.

Bayan an gama kafawa, a jira dare ya yi a gwada. Maigida ya tsaya inda mai tsaro zai tsaya, ya sa wani ya zagaya gindin katanga, ya lura da wuraren da mutumin ke ɓace masa. Ya fita titi ya dubo gidan, ya ga ko ƙwan fitilar kansa yana sokar ido. A sake dubawa wajen ƙarfe uku, a ga ko solar tana nan da ranta. Lungun da ke tsakanin gidaje kuwa, wanda kowa ke ganin ba nasa ba ne, ya fi kowace ƙofa bukatar haske. Gidaje biyar ko shida za su iya haɗa kuɗi su sa masa fitila biyu masu kyau, kamar yadda ake haɗa kuɗin 'yan sintiri, a kuma tsayar tun ranar farko wanda zai riƙa goge farantin da yadda za a sayi sabon batir idan na ciki ya gaji.