Darasin Karatu: Kalmomin Ingilishi Masu Ƙarewa da ER



Kowace shekara in an gama aikin kaka, samarin Tawa, Barmu da Afala sukan bi hanyar Ƙwanni su shiga Nijeriya bida. Can, allunan bakin hanya da Ingilishi ake rubuta su. To, ga mabuɗi guda.

Ku ɗauki alli ku rubuta haruffa biyu: e da r. Sau da yawa kalmar da ta ƙare da su sunan mai sana'a ce. Drive tuƙi ne, driver mai tuƙi. Teach koyarwa ce, teacher malami.

Waɗansu ma kun san su, don Hausa ta are su, ta mai da er ya koma a:

driver: direba
carpenter: kafinta
bricklayer: birkila, wato magini
labourer: lebura
lawyer: lauya

Amma a kula, ba duka ba ne. Water ruwa ne, paper takarda. Danger kuwa haɗari ne. In kun gan ta kusa da wayar lantarki ko bakin rami, ku ja da baya.

Kowa ya rubuta su sau uku kafin darasi na gaba. Allah ya taimake mu.