ANA AWON ƘURAR DA KE ZUBO MANA DAGA SAMA

Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida lokacin zafi ya san hasken nan da kan gilma a sama cikin dare, har mu ce tauraro ya faɗo. To, ba tauraro ba ne. Galibi ɗan ɓarɓashin dutse ne da bai wuce ƙwayar yashi ba, wanda ya shigo iskar duniyarmu da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa guda, ya ƙone tun yana nisan kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa. Waɗanda idonmu ke gani kaɗan ne. Sauran kuwa ƙanana ne ƙwarai, suna zubowa dare da rana.

Mun san ƙurar hunturu, muna share ta a ɗaki. Amma wannan ƙura ta daban ce, yawancinta ɓurɓushin taurari masu wutsiya ne. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: nawa ke shigowa kullum? Wurin ya fi ƙarfin jirgin sama, kuma tauraron ɗan'adam ba ya iya zama ƙasa-ƙasa haka. Sai dai dabara.

Dabara ta farko ita ce tarko. A 1984 hukumar NASA ta Amurka ta ajiye wani kumbo mai suna LDEF a sararin samaniya, aka ɗauko shi a 1990. Masana biyu, Love da Brownlee, suka ƙirga ƙananan ramuka fiye da 700 da ƙurar ta yi a jikinsa. A 1993 suka ƙiyasta cewa kimanin tan 40,000 ke shigowa a shekara, wato fiye da tan 100 kullum.

Ta biyu ita ce auna abin da ƙurar ta bari. In ta ƙone, takan bar ƙarfe da sodiyam, sinadarin nan da ke cikin gishiri da kanwa, a nisan kilomita 90. Tun 1969 ake harba hasken leza daga ƙasa, sodiyam ɗin ya maido da shi, a gane yawansa. Akwai kuma na'urar rada, da rokokin da aka riƙa harbawa daga tsibirin Andoya na ƙasar Norwe tsakanin 2006 da 2010.

Matsalar ita ce kowane mudu da nasa awon. A 2012 Farfesa John Plane na Jami'ar Leeds a Ingila ya nuna cewa ƙiyasin ya kama daga tan 3 har zuwa tan 300 a rana. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne rada ta fi ganin ƙwayoyi masu gudu sosai, masu tafiya sannu kan kuɓuce mata. Bayan sun daidaita hanyoyin, shi da abokan aikinsa suka tsaya kan kimanin tan 43 a 2016.

Ina ruwanmu da wannan? Ƙarfen da ƙurar ke bari a sama kan taru wani lokaci ya zama kamar madubi, ya karkatar da zangon rediyo, har mutum ya kama tashar FM ta wata ƙasa mai nisa ba zato. Injiniyoyi ma na bukatar lissafin don su kare taurarin ɗan'adam da ke kawo mana talabijin da hasashen yanayi.

Da yayyafi kogi kan cika. In mun sake ganin hasken nan ya gilma, mu gaya wa yaranmu ainihin abin da suka gani.