TASSA: RAMIN DA KE TSARE RUWAN SAMA A GONA

An gama kaka, hatsi ya shiga rumbu. Wani rumbunsa ya cika, wani ko rabi bai samu ba. In ka tambayi wanda bai samu ba, zai ce maka ruwa ne ya yi gardama bana. Sau da yawa gaskiya ce. Amma akwai wata tambaya da ba mu cika yi ma kanmu ba. Ruwan da Allah ya sauko mana da shi, ina ya tafi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fako ana ruwa ya san amsa. Ƙasar fako ta daskare kamar daɓen ɗaki. Ruwa na faɗowa sai ya zame. Ya taru, ya bi gangare, ya faɗa korama. Yana tafiya yana kwasar ƙasa mai kyau da taki. Can ƙasa ya ci bakin gonar wani, ko ya rufe garkar wani da rairayi. Bayan awa biyu ka koma fakon nan ka kafta hauya. Ko tsawon ɗan yatsa laima ba ta shiga ba.

Mu yi lissafi

Malaman gona na auna ruwan sama da milimita. Kun sha jin haka a rediyo. To, milimita 1 bisa hekta 1, litar 10.000 ce. Tano mai cin litar 200, sai an cika 50. Ruwa guda na milimita 20 kuwa, tano 1.000 ke nan a hekta ɗaya. A ƙasar da ke samun milimita 400 a damana, kowace hekta na karɓar tano 20.000.

Wa zai iya ɗebo wannan ruwa daga rijiya da guga? Babu. Ga shi an ba mu kyauta. Amma bisa fako, in ruwan mai ƙarfi ne, mafi yawansa guduwa yake yi.

Hatsi kuma ba ya shan ruwan da ya wuce. Wanda ya nutse cikin ƙasa yake sha. Lokacin da ruwa ya ɗauke kwana 10 ko 15 tsakiyar damana, laimar da ke ƙasa ita ke riƙe shuka. In babu ita, sai ganye ya murɗe, shuka ta ƙone.

Labarin Ilela

Ƙasar Adar ta sha wuya a farin 1973 da na 1984. Itatuwa sun mutu, dabbobi sun mutu. Gonakin tudu da yawa sun koma fako, masu su suka bar su. Samari suka yi ta tafiya cin rani.

A 1989 wani aikin raya karkara da hukumar FIDA ta ba kuɗinsa ya kwashi wasu manoma kaɗan daga ƙasar Ilela, cikin jihar Tawa. Ya kai su ƙasar Yatenga a Burkina Faso. Can suka ga gonakin Mosawa cike da ramu. Mosawa na ce ma ramin zai. Daga cikin waɗanda suka shahara da aikin akwai Yakuba Sawadogo, manomi ne na wani ƙauye kusa da Wahiguya. Ya tarar da kakanninsa na gina ƙananan ramu. Shi kuwa ya faɗaɗa su, ya ƙara zurfi, ya zuba taki tun da rani. Da farko an yi masa dariya. A 2018 aka ba shi babbar kyauta ta duniya a ƙasar Suwidin saboda wannan aiki. Ya rasu a 2023.

Mutanen Adar ba baƙin rami ba ne. Sun san tassa tun da. Sai dai tasu ƙarama ce, sara ɗaya ko biyu na hauya. Da suka komo gida, wasu suka gwada irin ta Mosawa. Shekarar farko filin da aka gina bai kai hekta 5 ba.

Sai ga damanar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa. Gonaki da yawa ba su ba da komi ba. Amma inda aka yi tassa an yanki hatsi. Maƙwabta suka zo suka gani da idonsu. Daga nan ba a bukaci dogon wa'azi ba. Kafin ƙarshen shekarun 1990, hekta dubbai na fako sun koma gona a ƙasar Ilela da Badagishiri.

Ma'aikatan aikin sun auna amfanin gona shekara shida, daga 1991 zuwa 1996. In aka haɗa shekarun daɗi da na wuya, gonar da ba a yi ma komi ba ta ba da wajen kilo 125 a hekta. Mai tassa ta ba da sama da kilo 500. Da buhu mai kilo 100, wancan ya samu ɗaya da kwata, wannan ya samu biyar.

Har wani abin mamaki ya faru. Fakon da ko kyauta ba a so, sai ga shi ana cinikinsa. Masu hali suka riƙa saye suna gyarawa. Samari da suka iya aikin suka samu sana'ar rani, ana biyansu su gina ma wasu.

Yadda ake gina ta

Da rani ake aikin, ba da bazara ba. A fara tun sanyi bai wuce ba, jiki na da ƙarfi, rumbu na da hatsi. Wanda ya bari sai hadari ya fara haɗuwa ya makara.

Da farko a duba ta ina ruwa ke gangarowa. Wannan shi ne tushen aikin. A gina rami mai faɗin santimita 30 zuwa 40, wato kamar bakin ƙwarya. Zurfinsa santimita 15 zuwa 20, kamar taƙi ɗaya na hannun babba. Ƙasar da aka fitar, a tara ta a gefen gangare, ta ƙasan ramin, ta yi kamar jinjirin wata. Ita ce za ta tare ruwa. Wanda ya tara ta ta sama ya toshe ma ruwa hanyar shiga, ya yi aikin banza. Wannan kuskure ana yawan yin shi, a kula.

Tsakanin rami da rami a bar babban taki ɗaya na ƙafa, kusan mita 1. Layi na biyu kada ya bi bayan na farko sak. Kowane rami ya zauna daidai tsakanin biyun da ke samansa. Ta haka ruwan da ya kuɓuce ma na sama zai faɗa na ƙasa. Filin da ke tsakanin ramu kuma kada a kafce shi. A bar shi da taurinsa, don shi ke turo ruwa cikin ramin.

Sa'an nan taki. Kowane rami a zuba masa cikin hannu biyu, a ɗan rufe da ƙasa. Takin da ya ruɓe ya fi. Ɗanyen taki na da zafi, in ruwa ya yi ƙaranci yakan ƙone shuka. Mai zuba taki da wuri ya fi riba, ga dalili. Iskar rani na kwaso ganye da ƙaiƙayi da ƙura tana zubawa cikin ramu. Gara kuma na jin taki sai ta zo. Mun saba zagin gara don tana cin dangarmu da rumbunmu. A nan kam ma'aikaciya ce ba ta karɓar lada. Tana huda ƙasa, tana yin hanyoyi har can ciki. Ta hanyoyin nan ruwa ke nutsewa.

In an yi ruwan shuka mai kyau, a shuka hatsi ko dawa cikin ramin. Bayan sati biyu ko uku a cire, a bar ƙafa uku ko huɗu. Noma ma ya ragu, don haki ba ya fita sosai bisa taurin da ke tsakanin ramu.

Rami ɗaya na yin damana biyu ko uku. Da rani sai a yashe shi, a ƙara taki. Wani lokaci za ka ga ɗan itace ya tsiro ciki, don dabba ta ci ƴaƴansa sun fito cikin kashi. In gawo ne ko aduwa ko magarya, kada ka sare. Ka gyara shi ka bar shi.

Ba mu ɓoye muku wuyarta ba

Hekta ɗaya na cin rami wajen 10.000. In ƙasa na da tauri, aikin na kai awa 300. Mutum ɗaya mai aikin awa 5 kullum, sai ya yi wata biyu. Wani wuri hauya ba ta shiga, sai da diga. Don haka kada mai gida ya ce zai gama gonarsa duka a shekara guda. Ya yanki kwata ya gyara da kyau. Baɗi ya ƙara. In an yi gayya, abin ya fi sauri.

Taki shi ne babbar damuwa. Hekta na bukatar tan 2 ko 3, ga kuma jigila zuwa tudu. Wanda ba shi da amalanke zai sha wuya. Amma ku lura, takin da aka watsa bisa fako ruwa da iska ke kwashe shi. Na cikin rami yana nan a gindin shuka.

Kuma tassa ba ta kowace gona ba ce. A jigawa mai rairayi, irin ta wurare da yawa a Maraɗi da Damagaram, iska na cike ramin kafin damana. Can ruwa na nutsewa da kansa. Abin da jigawa ke so shi ne taki, da barin kara a gona, da renon itatuwan da ke tsirowa. A fadama mai laka kuma ruwa zai kwanta cikin ramin ya ruɓar da shuka. Tassa ta fako ce da ƙasa mai tsakuwa.

Inda gangare ya yi yawa, ruwa na zuwa da ƙarfi, yana iya fasa ramu. Sai a jera duwatsu a saman gonar, a gicciye hanyar ruwa. Jerin duwatsu ba ya hana ruwa wucewa, gudunsa yake ragewa. Malamin gona na da tiyo mai ruwa ciki da ake auna layin da shi. Ku neme shi. A filin kiwo kuma an fi yin rabin wata, babban rami mai faɗin kamar mita 4, a shuka ciyawa da itace ciki.

Rijiyar Batodi

Ruwan da ya nutse ba duka hatsi ke shanyewa ba. Saura na sauka ƙasa, can inda rijiyoyi ke samu. Garin Batodi, a ƙasar Ilela, shaida ne. Mutanen garin sun gyara fako mai yawa kewaye da su. A 1994 ruwan rijiyoyinsu na zurfin mita 18, kamar gaba 10. A 2004 ya taso zuwa mita 4, gaba biyu da ɗan kai. Kada wani ya ce damana ce ta yi kyau. Shekarar 1994 ita ce mai ruwa. Ta 2004 kuwa kowa na tune da ita, ga fari ga fara.

Matan garin sun huta da jan doguwar igiya. Suka kafa garake kusa da rijiyoyi, suna noman rani. Sai dai mu faɗi gaskiya, ramun mutum ɗaya ba su tada ruwan rijiya. Sai gari duka ya sa hannu, kuma sai an yi shekaru.

Tsakanin manomi da makiyayi

Akwai magana biyu da ya kamata a gama kafin a ɗauki diga.

Ta farko, filin na wa ne? Fako ba shi da mai shi sai ranar da ya yi hatsi. Ranar nan za ka ga jikoki sun fito, kowa na cewa na kakansa ne. In aro aka ba ka, ko saye ka yi, ku je gaban mai gari da shaidu. Tun dokar karkara ta 1993 an tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake ce ma Kofo. Suna ba da takarda. Yanzu da kuka iya karatu, ku karanta ta da kanku kafin ku sa hannu, ku adana ta wuri mai kyau.

Ta biyu, wani fakon hanyar dabbobi ne, wani kuma makiyaya ce ta gari. Wanda ya gina tassa cikin burtali ya jawo rigima da hannunsa. Dabba sai ta je mashaya. A bar burtali yadda yake.

Kuma manomi mai tassa na bukatar makiyayi fiye da kowa, tunda takin na wurinsa. Iyayenmu sun san wannan. Bayan kaka Bafillace ko Buzu na sauka da garkensa a gona. Dabbobi su ci kara, su bar taki, mai gona ya ba da hatsi. Yanzu wasu na kwashe kara duka su kai kasuwa, sa'an nan su yi kukan rashin taki. A shirya tun yanzu. Garke ya kwana a wani gefen gona, a tattara takin a kai ramu. Sai dai kada a bar shanu su bi ta cikin sababbin ramu, don kofato na rushe ƙasar da aka tara.

Wanda bai taɓa ganin tassa ba, ya tambayi malamin gona na yankinsu. In akwai hali, ƙungiyar manoma ta tura mutum biyu ko uku Badagishiri ko Ilela. Su je yanzu da rani su ga yadda ake ginawa. Su koma cikin watan Satumba, lokacin da hatsi ya fid da kai.